Ruwan Indararo da Ruwan Ɗauraya

Jama'a, ku dubi wani abin mamaki da muke yi. A watan Agusta ruwa yana zuba daga indararo yana bin kwata, mu kuwa muna tsaye a zaure muna jiran ɗan garuwa ya kawo mana na saye.

Lissafin ba wuya. In aka yi ruwan milimita 1, kowane murabba'in mita na rufi yana tara lita 1. To, ɗaki mai rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da lita 1,000. Duro 5 ke nan, ko jarka 40 mai cin lita 25. Ko an cire wanda ya fantsame, saura ya ishi gida wanka da wanki na kwanaki.

Amma kada a yi garaje. Ruwan da ya fara saukowa wankin kwano ne, yana tafe da ƙura da kashin tantabara da na ƙadangare. A bar shi ya wuce tukuna, sannan a tara. A ɗaura tsabtataccen ƙyalle a bakin duro don tacewa, in ya cika a rufe shi ruf. Sauro a kwantaccen ruwa yake yin ƙwai, ga shi kuma yaro bai san tsoro ba, yana iya leƙawa ya afka. Wanda za a sha, sai an tafasa. Mutane da yawa sun ɗauka alif ya wadatar, alhali laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Uwargida, saura naki. Ruwan ɗaurayar tufafi bai gama aiki ba: a wanke makewayi da shi, ko a yayyafa tsakar gida kafin shara. Na wankin shinkafa da na alwala a kai gindin zogale ko gwanda. Wanda omo ya yi wa yawa yana ɓata ƙasa, kuma ko wane iri ne kada a zuba wa latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye. Kada kuma a bari ya kwana, gari na wayewa zai yi wari.

Ruwan da aka wanke kashin jariri ko kayan majinyaci kuwa, wannan masai za a kai shi kai tsaye, a wanke hannu da sabulu.