Farin ɗigo a gefen hoton haƙori

Akwai hoton da muke ɗauka na baki gaba ɗaya, daga kunne zuwa kunne. Haƙori ake nema, amma hoton yakan kamo gefen wuya. A ƙasan kusurwar muƙamuƙi, daidai ƙashin wuya na uku da na huɗu, babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa take rabuwa biyu, kuma a nan kitse ya fi son taruwa. In ya daɗe sai ya ƙanƙare da sinadarin kalsiyam, ya fito fari fat, ɗigo-ɗigo kamar tsakin dawa, ko siririn layi a tsaye. Tun 1981 masu bincike Friedlander da Lande suka bayyana wannan a Amurka.

Wani dattijo manomin citta daga wajen Kachia ya zo mini nan Kafanchan da turmin haƙori da ya hana shi barci. Da muka ɗauki hoton, na ga ɗigon a ɓangaren hagu.

"Baba, yaushe rabonku da awon jini?"

"Likita, ni fa haƙori na kawo."

Muka auna, jinin ya yi sama sosai, alhali ko ciwon kai ba ya ji. Na rubuta masa takarda zuwa likitan zuciya.

Ba kowane fari ne jijiya ba. Guringuntsin maƙogwaro yana ƙanƙarewa da tsufa, akwai tsakuwar yawu, akwai kuma tsohuwar kaluluwar tarin fuka, wadda ba baƙuwa ba ce a Kudancin Kaduna. Shi ya sa ba ma yanke hukunci. Sikanin wuya mai auna gudun jini shi ke faɗin ko jijiyar ta tsuke, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Jos da Barau Dikko a Kaduna. Hoton haƙori ya fito tsaf ma ba shaidar lafiyar jijiya ba ce, don kitsen da bai ƙanƙare ba ba ya fitowa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ɗora shanyewar ɓarin jiki, wadda tsukewar wannan jijiya kan jawo, a kan iska ko jifa, alhali hawan jini, ciwon suga da taba ne kan gaba. In kun haura shekara hamsin aka yi muku wannan hoton, ku ce a duba muku gefen wuya. In baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko da na minti biyar ne ya wuce, a tafi asibiti nan take.