Yadda Ake Ɗinkin Ado na Jan Hannu a Kan Bargon Auduga

Haɗa ƙyalle biyu da auduga a tsakani, a bi su da ɗinki har su zama abu guda, ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa, domin da ita magabata suka yi lifidin da ke kare doki da mahayinsa a fagen fama. Amma irin wanda nake nufin bayaninsa, wato bin bargo da ɗinkin ado a keken gida alhali hannu ne ke juya yadin duk inda ya so, a Amurka ya bunƙasa, inda ma'abota wannan fanni suka daɗe suna raina aikin keke, har Harriet Hargrave ta wallafa littafinta a kansa a 1987, sa'an nan a 1989 bargon Caryl Bryer Fallert, wanda da keke aka ɗinka shi, ya cinye babbar gasar garin Paducah.

Sharaɗi na farko shi ne shimfiɗa. A goge yadin shafi, wanda ya kamata ya ɗara na fuska da kamar inci uku ta kowane gefe, a shimfiɗa shi ba tare da an ja shi da ƙarfi ba, a ɗora auduga, a rufe da yadin fuska, kana a kama su da fil mai rufewa, tsakanin wannan da wancan faɗin tafin hannu. Wanda ya yi gaggawa a nan, to lalle zai tarar da tattara a bayan bargonsa, wadda ba ta da magani sai farkewa.

Daga nan sai keke. A sauke haƙoran da ke jan yadi, in kuwa tsohon keke ne da haƙoransa ba su sauka, a rufe su da ɗan faranti ko kati mai kauri da aka huda wa allura hanya. A cire ƙafar da ke danne yadi, a sa ta cikon ɓula, wadda ke ɗagawa tana sauka tare da allura. A sa sabuwar allura mai lamba 14. A mai da tsawon ɗinki sifiri. Ko da yake ƙafar ba ta danna yadi sosai, wajibi ne a sauke marikinta, domin in ba haka ba zaren sama ba zai ɗaure ba, sai ya cukurkuɗe a ƙasa. A sa allura ta shiga ta fito sau ɗaya, a jawo zaren ƙasa zuwa sama, a riƙe biyun, a yi 'yan ƙananan ɗinki don ƙulli.

To, a nan ne asalin mas'alar take, kuma a nan nake roƙon mai koyo ya natsu. Da zarar haƙora sun sauka, aikin da keke ya saba yi ya koma wuyan mai ɗinki, ta yadda tsawon kowane ɗinki ba ya fitowa sai daga daidaiton abu biyu, saurin ƙafa a kan mataki da saurin hannu a kan yadi. Idan hannu ya riga ƙafa, ɗinki ya yi tsawo ya saki. Idan ƙafa ta riga hannu, ya taru wuri guda, har cire shi ya gagara. Mafi yawan kuskure a kwana yake aukuwa, saboda hannu yakan ƙara sauri ba da sanin mai shi ba, sai zaren sama ya fito ta baya kamar gashin ido. Maganinsa a sassauta hannu a kwana, in bai gushe ba a ɗan ƙara ɗaurin zaren sama. A kafa tafuka biyu a gefen allura, da safar hannu mai kamu in da hali, a saki kafaɗu, ido kuma ya kasance a inda za a je, kada a kafe shi a kan allura.

Ra'ayina shi ne kada mai koyo ya taɓa bargon kirki tukuna. Ya fara zana zanen da alƙalami a takarda ba tare da ɗaga hannu ba, layi mai lanƙwasa da ba ya ƙetare kansa, sa'an nan ya gwada a guntun da bai wuce inci 18 ba, yana duba bayansa a kai a kai. Kada ya ɓata lokaci wajen farke ɗinkin gwaji. Ya ajiye shi, domin shi ne hujjar ci gabansa.

In an zo ga babban bargo, a fara daga tsakiya a nufi gefe, a naɗe ɓangaren dama ya shige ƙarƙashin hannun keke, a kuma tallafe sauran da tebur, don nauyinsa kada ya ja allura ya karya ta. Duk sa'ad da za a gyara riƙo, a tsaya allura tana cikin yadi, kuma a cire kowane fil tun kafin ƙafar keke ta kai gare shi. Ya kai mai karatu, in kana da keke a ɗaka, ɗauko ragowar yadi ka gwada kwata ɗaya ta sa'a kowace rana, domin wannan ya fi maka zaman yini guda a mako.