Bindigar gado: ƙarƙashin bututu ake duba asalinta

Wani ɗan'uwa daga Zongon Lome ya aiko da tambaya. An raba gado, bindigar farautar kakansu ta faɗo hannunsa, naɗe cikin tsohon buhu. A saman bututun akwai rubutun boko da tsatsa ta cinye rabinsa. Dattawan gida sun ce ta Jamus ce, wani dillali kuma ya ce ta Ingila ce, har ya taya. Yaya zai san gaskiya?

Ɗan'uwa, fara tabbatar da cewa babu komai a cikinta. In mai karyewa ce, karya ta ka leƙa. In irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ce, zura sanda har ta tsaya, ka yi alama, ka zaro ta ka gwada a jikin bututun ta waje. Idan sandar ba ta kai gindi ba, da ɗuri a ciki, kuma albarushi kan daɗe bai mutu ba. Ajiye ta, ka nemo wanda ya san aikin.

Sai wanki, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Don Allah kada ka sa mata sanfefa, kada ka kai ta a goge da inji don ta yi ƙyalli. Wasu alamomin ba su kai ƙwayar shinkafa girma ba, shafa biyu ta isa ta tafi da su har abada. Jiƙa tsumma da kananzir ko man keken ɗinki, ka shafe ƙarfen, ka bar shi ya kwana. Da safe ka bi shi a hankali da tsohon buroshin goge baki. Idan ya bushe, goga farin alli a wurin ka share da yatsa, allin zai zauna cikin ramin haruffan su fito fes. Haska tocilar waya daga gefe, kusan a kwance da ƙarfen, sannan ka ɗauki hoto ka buɗa shi.

Sunan da ke saman bututu shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma ya fi yaudara. Sau da yawa sunan kantin da ya sayar ne. Maƙeran Liège ta Beljiyam sun ƙera bindigogi masu araha bila adadin, suna buga musu sunaye masu kama da na manyan gidajen Ingila: ka ga W. Richards ka ɗauka Westley Richards ne na Birmingham, alhali ba su haɗa komai ba. Krupp ko Krupp Stahl sunan kamfanin da ya narka ƙarfen ne a Essen, kuma maƙeran wasu ƙasashe ma sun saya a wurinsa. TOWER da kambi a jikin tsohuwar adaka ma an yi ta kwaikwayonsa don kasuwar Afirka.

Shaidar da za ka dogara da ita tana ƙasa. Cire katakon da hannun hagu ke riƙewa, ka karya bindigar, bututun zai fita. Juya shi ka dubi shafaffen wurin da ke kusa da gindi. In kuwa mai zuwa nesa ce, irin Mauser, duba gefen hagu inda bututu ya haɗu da jiki, da ƙarƙashin katako. Ƙasashen Turai masu ƙera makamai suna da gidajen gwaji, inda ake harba kowane bututu da ɗurin da ya fi ƙima, in bai fashe ba a buga masa hatimi. Gani ya kori ji.

Haruffan E, L, G da ɗan tauraro cikin da'ira mai siffar ƙwai, wannan Liège ce ko da me aka rubuta a sama. Daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi a kan bindigogi masu karyewa, saboda haka mai karyewa marar kambi ta girmi wannan shekarar. Masu ɗurin baki sun ci gaba da ɗaukar tsohon hatimin, kada rashin kambi ya sa ka ƙara musu shekaru. Zaki a kan PV na nufin an gwada ta da albarushi marar hayaƙi.

Ganyen dabino biyu a gicciye da kambi, da rubutun ST ETIENNE, ta Faransa ce, kuma ita na fi zaton za ka tarar. Kamfanin Manufrance na Saint-Étienne ya fito da Simplex mai baki ɗaya a 1908, da Robust mai baki biyu a 1913, kuma Simplex ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mulka har maharba suka mai da sunanta sunan kowace bindiga mai baki ɗaya. PT ƙarƙashin kambi shi ne gwajin marar hayaƙi a Saint-Étienne. Birmingham kuwa, wadda gidan gwajinta ya buɗe a 1813, ta yi amfani da sandunan sarauta biyu a gicciye har 1904, sannan BP da BV ƙarƙashin kambi, sannan BNP daga 1954.

Maganar dattawa ta Jamus ba abin rainawa ba ce. Jamus ta riƙe Togo daga 1884 zuwa 1914, Hausawa kuma sun yi aikin soja a rundunarta. Sai dai tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka tsaurara sayar wa 'yan ƙasa bindigogin zamani, suka bar mana adaka, don haka ta Jamus ta wancan zamani ba ta da yawa a gidajenmu. Nemi U ƙarƙashin kambi, tare da B, ko G ga bututu mai murɗaɗɗen tsagi a ciki, ko S ga mai santsi. An yi amfani da waɗannan daga 1893 zuwa wajen 1939. Da yawa daga garin Suhl suna ɗauke da wata da shekara: 528 na nufin watan biyar na 1928. Ka ga wannan ta Jamus ce, amma bayan tafiyar Jamusawa daga Togo ta shigo. Kibiya cikin garkuwa kuwa Baikal ce ta Izhevsk a Rasha, ba ta kai tsufan da ake ba ta ba.

Yanzu lambobi, waɗanda suka fi sunan maƙeri muhimmanci ga lafiyarka. Kusa da lambar girman baki, 12 ko 16, za ka iya ganin 65 ko 70. Wannan tsawon mazaunin harsashi ne da milimita. Yawancin harsashin da ke kasuwa yau na 70 ne, yana kuma shiga mazaunin 65 lafiya lau, domin tsawon kwanso bayan ya buɗe ake aunawa. Shigarsa ba izini ba ce: matsin yana ƙaruwa a tsohon ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci. Haka tsohuwar Mauser mai rubutun 7,8 da 57 tana iya zama mai ƙaramin rami na kafin 1905, harsashin 8x57 na yanzu ya fi ta kauri. Idan babu hatimin marar hayaƙi, ko ka ga jikin bututun da zane kamar an murɗa igiya, na roƙe ka kada ka harba ta sam. Hatimi yana ba da shaidar ranar gwaji ne kawai, abin da damina ɗari ta bakin teku ta yi wa ƙarfen ba ya ciki.

In ka duba ko'ina ba ka ga hatimi ba, sai ɗige-ɗige da zanen kurfi, wataƙila aikin maƙeranmu ne na gida. Dillali ba zai taya da tsada ba, amma ni ina ganin ta cancanci a adana ta, a tambayi dattawa sunan maƙerin tun suna raye a rubuta.

Saura lambar bindigar kanta. Duba ko iri ɗaya ce a bututu da jiki da katakon gaba. In sun saɓa, an haɗa ta ne daga bindigogi dabam-dabam. Kada ka kankare ta, kada ka ƙara mata. Togo tana cikin yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda ta wajabta alama da rajista, kuma izinin kakanka bai zama naka ba don ka gaji bindigar. Ba mamaki takardarsa ta salwanta tun lokacin da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977 aka koma wajen Agoè. Rubuta lambar da alamomin a takarda, ka haɗa da hotunan, ka je wurin jandarma ko 'yan sanda ka tambayi hanyar rajista. Bindigar ka bar ta a gida a kulle, har sai sun faɗa maka ranar da za ka kawo ta.