Amsar Tambaya: Wa ke riƙe da makarantar?

Malama, kafin ki kai ɗanki makarantar kuɗin nan ta Kafanchan mai kiran kanta ta soja, ki fara tambayar su wane ne amintattunta. Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, rundunar soja ce ke riƙe da ita, don haka akwai inda ake kai kuka. Ta kuɗi kuwa, in mai ita ne shugaba, matarsa ma'aji, ƙanensa sakatare, in aka ji wa yaro ciwo ƙararki gaban wa za ta je? Za a ce miki mai ita tsohon soja ne, ya san horo. To, iya fareti bai isa shaidar riƙon amana ba. Ki nemi takardar rajistar hukumar CAC mai sunayen amintattun, da izinin gwamnatin Jihar Kaduna, kafin ki biya ko sisi.