Hukuncin Ɗan Ƙwallon Da Ya Fito Daga Kurkuku

 Darasin wannan mako ya shafi wata tambaya da samari masu bin gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila suke yawan muhawara a kanta: mutumin da ƙwallo ce sana'arsa, ya yi laifi, alƙali ya ɗaure shi, ya cika wa'adinsa ya fito, shin daidai ne a sake buɗe masa fili? Wasu suna cewa ai ya biya bashinsa. Wasu kuwa suna cewa wanda yara suke rataya hotonsa a ɗaki bai kamata ya zama tsohon fursuna ba. Kowane ɓangare ya riƙi wani yanki na gaskiya, amma an cakuɗa mas'aloli daban-daban a ƙwarya ɗaya, don haka sai an rarrabe su.

A shekarar 1990 Tony Adams, kyaftin ɗin ƙungiyar Arsenal ta birnin Landan, ya tuƙa mota a buge, ya yi karo da katanga. A watan Disamba aka yanke masa ɗaurin wata huɗu, ya yi kusan rabi a kurkukun Chelmsford, ya fito a Fabrairun 1991. Ƙungiyarsa ba ta kore shi ba. Ya koma fili, a wannan kakar kuma suka ci gasar lig. Sai dai abin lura shi ne kurkukun bai raba shi da giya ba. Ya ci gaba da sha har 1996, sa'ad da ya fito bainar jama'a ya amsa cewa barasa ta mallake shi, ya nemi magani, ya bar ta. Bayan nan ne ya ɗaga kofin lig da na FA tare a 1998, aka maimaita a 2002 lokacin da Nwankwo Kanu yake cikin ƙungiyar. A shekarar 2000 ya kafa asibitin Sporting Chance domin 'yan wasan da shaye-shaye ko caca suka kama. Watau fita daga gidan yari daban, gyaruwa daban. Tsakaninsu a wurin wannan mutum shekara biyar ce da ɗoriya.

Wanda ya san tarihin Musulunci zai tuna da Abu Mihjan As-Saƙafi, jarumi kuma mawaƙi, wanda giya ta yi ta ja masa bulala. A yaƙin Ƙadisiyya, zamanin Halifa Umar, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya sa shi a mari. Da ya ji yaƙi ya yi tsanani, ya roƙi matar Sa'ad ta kwance shi, bisa alkawarin in ya rayu zai dawo. Ya hau dokin Sa'ad, ya yi ta gumurzu har masu kallo suka yi mamaki, sa'an nan ya komo da kansa ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Sa'ad ya sake shi, shi kuma ya rantse ba zai ƙara sha ba. Ba a kawo wannan don a daidaita fagen jihadi da filin tamaula ba, nesa ba kusa ba. An kawo shi ne don a ga cewa magabata ba su ɗauki laifin mutum ya shafe gwanintarsa ba, kuma abin da ya dawo masa da mutunci a idon shugabansa shi ne cika alkawari.

A kan neman abinci dai maganar ba ta da tsawo. Wanda aka zartar wa hukunci ba a ƙara masa wani a kan laifi ɗaya, kuma hana mutum sana'ar da ya iya horo ne na biyu wanda babu alƙalin da ya yanke. Sana'ar ƙwallo kuwa gajeren rai gare ta, galibi tana ƙarewa kafin mutum ya kai arba'in, saboda haka wanda aka ce masa ya dakata shekara goma tamkar an ce masa kada ya dawo ne. Ya zo cikin Bukhari cewa an kawo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wani sahabi da aka sha yi wa horo saboda giya, wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wannan ya isa gargaɗi ga al'ummar da take hana tsohon ɗan kaso aiki da aure da zama cikin majalisa, sa'an nan ta yi mamaki in ya koma gidan jiya.

Inda maganar take yin nauyi shi ne inda akwai haƙƙin wani. Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa uku: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuwa an zalunci wani bawa, akwai na huɗu, shi ne mayar da haƙƙi ko neman gafarar mai shi. A Yunin 2008 Luke McCormick, mai tsaron gidan ƙungiyar Plymouth Argyle, yana tuƙi da giya a kansa, ya banke wata mota a babbar hanya, yara biyu 'yan uwan juna, mai shekara goma da mai takwas, suka mutu, ubansu ya ji mummunan rauni. An ɗaure shi shekara bakwai da wata huɗu, ya fito a 2012, a 2013 ya koma Plymouth. Mutane da yawa sun haɗiye wannan. Amma da aka naɗa shi kyaftin a 2014, sai surutu ya tashi, kuma masu surutun suna da hujja. Hukuma ta karɓi nata, amma ran yaro ba abin da ake mayarwa ba ne, iyayen kuwa a lokacin suna nan da rai suna ganin ana yi masa tafi.

Akwai abin koyi a nan cikin labarin Wahshi, wanda ya kashe Hamza baffan Annabi ranar Uhudu. Ya musulunta, aka karɓi Musuluncinsa ba tare da wani sharaɗi ba, amma Annabi ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ba a kore shi daga jama'a ba, har ma ya fita yaƙin Yamama zamanin Abubakar, inda ya soki Musailama da mashinsa. To in mafi haƙurin halitta ya ji nauyin ganin wanda ya kashe masa ɗan'uwa, ba za a ce wa uwar da ta binne 'ya'ya biyu ta yi shiru don an cika wa'adi ba. Daga nan ake fahimtar bambanci tsakanin barin mutum ya yi aiki da ɗaukaka shi. An ruwaito cewa Umar ya yarda Ɗulaiha, wanda ya taɓa da'awar annabci sa'an nan ya tuba, ya shiga yaƙi, a kuma nemi shawararsa, amma ya hana a ba shi jagorancin runduna. Da masu ƙungiyoyin ƙwallo sun san wannan ma'auni, da sun ba McCormick rigar wasa, sun riƙe ƙyallen kyaftin.

Nau'i na uku shi ne wanda ya ci amanar sana'ar kanta. A Disamban 1962 'yan wasan Sheffield Wednesday uku, Peter Swan da Tony Kay da David Layne, suka yi caca a kan cewa ƙungiyarsu za ta sha kashi a hannun Ipswich, kuma ta sha, ci biyu ba ko ɗaya. Asiri ya tonu a 1964, a 1965 aka ɗaure kowannensu wata huɗu, daidai da ɗaurin da aka yi wa Adams daga baya. Amma su hukumar ƙwallo ta hana su wasa har abada. Mai karatu ya duba: tsawon ɗauri ɗaya, sakamako daban, domin laifin Adams a kan titi ya faru, nasu kuwa ya taɓa abin da ya sa ɗan kallo yake biyan kuɗin shiga. Wannan ya yi kama da saɓanin malamai a kan wanda aka yi wa haddin ƙazafi, wanda Suratun Nur ta soke shaidarsa. Imam Malik da Shafi'i da Ahmad suna ganin in ya tuba ya gyaru, shaidarsa tana dawowa. Abu Hanifa yana ganin sunan fasiƙanci yana faɗuwa daga kansa, amma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Masu karɓa ɗin ma, wasunsu sun ce sai an jira wani lokaci an ga halinsa, har waɗansu suka ƙayyade shekara guda.

A ƙarshe hukumar ƙwallon Ingila ta sassauta, ta ɗage wa Swan da Layne hanin a 1972, bayan shekara bakwai. Swan, wanda ya buga wa Ingila wasa 19 kafin abin ya faru, ya koma Sheffield Wednesday yana da shekara talatin da biyar, ya taɓa wasanni kaɗan. Layne ma ya koma, rauni ya hana shi shiga sahun farko. Kay kuwa, wanda a 1962 Everton ta saye shi da kuɗin da ba a saba biya wa ɗan wasa irinsa ba, bai sake buga ƙwallon sana'a ba.