Afuwar Gwamnati da Tuban Zakka

Wurin karatu: Luka 19:1-10

Matasanmu a Bagadaza da sauran unguwannin Gombe sun san Adam A. Zango da marigayi Rabilu Musa Ibro, gama fina-finai da waƙoƙin Kano suna shiga gidajen masu bi kamar yadda suke shiga na maƙwabtanmu. Kaɗan ne suke tunawa cewa dukansu biyu sun taɓa kwana a kurkuku. A 2007 kotun tafi-da-gidanka mai sauraron ƙararrakin Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta ɗaure Zango wata uku saboda faifansa na Bahaushiya. A 2008 aka yanke wa Ibro wata biyu. A ƙarshen Disamban shekarar kuma aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a kan fim ɗin Tsintsiya; babbar kotu ta soke hukuncin a 2009, amma ya riga ya sha zaman gidan yari. Irin wannan shari'a ba ta daɗewa. Kafin dangi su samo lauya, wani lokaci an riga an rufe ƙofa.

Yanzu mu dubi wata shari'ar, wadda ta fi kusa da mu. Rabaran Jolly Nyame ya mulki maƙwabciyarmu Taraba daga 1999 zuwa 2007. Sashe na 308 na tsarin mulki ya kāre shi muddin yana kan kujera, sai da ya sauka hukumar EFCC ta gurfanar da shi a 2007. Shekara goma sha ɗaya aka kwashe. Ran 30 ga Mayu 2018 Mai shari'a Adebukola Banjoko ta yanke masa shekara 14 a shari'ar naira biliyan 1.64 na jiha. A watan Yuni alƙaliyar nan ta yanke wa Joshua Dariye, tsohon gwamnan Filato, shekara 14, a kan fiye da naira biliyan 1 na gyaran muhalli. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa Nyame zuwa 12, Dariye zuwa 10, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar. A Afrilun 2022 Majalisar Ƙasa, ƙarƙashin Shugaba Buhari, ta amince a yi musu afuwa, suka fita daga Kuje a watan Agusta.

Ba ma kawo sunayen nan don mu yi dariya. Ɗaya daga cikinsu mai wa'azin bishara ne, kunyar ta shafe mu duka. Littafin Firistoci 19:15 ya hana alƙali jin tsoron babba, ya kuma hana shi karkata wajen matalauci don tausayi. Ma'auni ɗaya Allah ya bayar. Ƙasar da take ɗaure mawaƙi cikin 'yan kwanaki, ta yi shekara goma sha ɗaya kafin ta hukunta gwamna, da mudu biyu take awo.

Amma awon da ya fi damuna shi ne na cikin ikkilisiya. Da yawa daga cikinmu mukan tsawata wa yarinya don ta yi rawar fim a wurin biki, har a sa ta ƙarƙashin horo, sa'an nan idan babban mutum ya fito daga kurkuku mu ce Allah ya wanke shi. Ba haka ba ne. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa ikon ɗauke hukunci, bai ce kotuna uku sun yi kuskure ba. Asibitin da ba a gina ba kuwa, takardar afuwa ba ta gina shi.

A nan labarin Zakka yake koya mana. Shi ma ma'aikacin hukuma ne, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, sananne ne kuma abin ƙi. Yesu bai jira ya gyaru ba kafin ya sauka a gidansa, saboda haka ba mu da ikon rufe wa tsohon fursuna ƙofar sujada, komai girmansa ko ƙanƙantarsa. Sai dai ku lura da abin da Zakka ya yi a gaban jama'a: ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zambata ninki huɗu. Bai kai kuɗin Haikali don a yi masa sujadar godiya ba. Wajen waɗanda aka cuta ya mai da su. Zuciyar mutum Ubangiji ne kaɗai yake gani, amma mayar da kaya abu ne da ido yake gani.

A taronku na nazari, sai dattawa da zumuntar matasa su zauna tare a kan wannan: idan wanda kotu ta kama da cin dukiyar jama'a ya kawo baiko don rufin majami'arku, me za ku tambaye shi kafin ma'aji ya rubuta rasit?