Aikin Polima a Cikin Batirin Lithiyam

1.0 Gabatarwa

Kalmar polima ta samo asali ne daga harshen Girkanci, ma'anarta kuwa ita ce "gaɓoɓi masu yawa". Masana kimiyya suna kiran wasu abubuwa da wannan suna domin ƙwayoyinsu a sarƙe suke da juna cikin dogon jeri, kamar 'ya'yan carbi a zare. Auduga da ƙaro polima ne na halitta, leda kuwa ɗan'adam ne ya sarrafa ta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin da wani siririn fallen polima yake yi a cikin batirin lithiyam, wato batirin wayar hannu da kwamfuta, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991.

2.0 Shamaki da Aikinsa

Batirin lithiyam yana da faifai biyu, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa, dukkansu a jiƙe da ruwan batir. Idan ana caji, ƙwayoyin lithiyam sukan ratsa ruwan daga faifan tarawa zuwa na ɗebewa. Idan ana aiki da batirin sai su komo. Wannan kai-da-komo shi ke sa lantarki ya bi waya ta waje. Amma da zarar faifan nan biyu sun taɓa juna, sai lantarki ya yanke hanya ta ciki, zafi ya taso, ruwan batir kuwa mai kama wuta ne.

Saboda haka ake sanya shamaki a tsakaninsu. Akan yi shi da polietilin, wato abin da ake yin leda da shi, ko da ɗan'uwansa polifirofilin. Kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Amfaninsa biyu ne. Na farko, lantarki ba ya ratsa jikinsa. Na biyu, an yi masa ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ta nan ƙwayoyin lithiyam suke wucewa.

3.0 Kariya Daga Gobara

Polietilin yana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyas, polifirofilin kuwa sai zafi ya haura digiri 160. Masu ƙira sun ci moriyar wannan bambanci: sukan haɗa falle uku, polietilin a tsakiya, polifirofilin a gefe da gefe. Idan batir ya yi zafi ƙwarai, sai na tsakiya ya narke ya toshe ƙofofin, aiki ya tsaya, alhali na gefe suna nan daram suna raba faifan.

Sai dai wannan dabara ba ta magance huda. A shekarar 2016 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda tana kamawa da wuta. Binciken da ya bayyana a watan Janairu na 2017 ya nuna cewa a wasu batura kusurwar faifai ce ta lanƙwashe, a wasu kuwa tsinin walda ne ya huda shamakin.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa lafiyar batir ta rataya ne a kan wannan falle. Hausawa na cewa hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Don haka bai kamata a huda batir, ko a lanƙwasa shi, ko a bar shi cikin zafin rana ba. Wanda ya kumbura kuwa, canja shi ya fi.